Bayan Windows 10: A Koma Windows 11, ko a Zaɓi Linux Mint, Ubuntu ko Debian?

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina bai wa Windows 10 facin tsaro na kyauta, wato gyare-gyaren da ke toshe ɓarakar da masu kutse ke bi, bayan ta shafe fiye da shekara goma tana aiki tun fitowarta a watan Yulin 2015. Kwamfutocin da ke ɗauke da ita suna nan suna kunnuwa kamar kullum, sai dai duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta daga wannan rana, mai kwamfutar ne zai zauna da ita a buɗe, in dai bai shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗan Windows 11 yana da hanya a gabansa. Wanda tasa ba ta cika ba, alhali lafiyarta ƙalau, shi ne ke tsaka mai wuya: ya sayi sabuwa, ya ci gaba da zama a kan tsohuwar manhaja, ko ya koma ɗaya daga cikin ire-iren Linux da ake ta yi masa talla. Wannan rubutu domin mutumin nan ne.

Kafin a shiga awo, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da manhaja mai buɗaɗɗen tushe. Ita ce wadda aka saki ainihin rubutun da aka gina ta da shi, kowa yana da izinin karantawa, gyarawa da rabawa bisa sharuɗɗan lasisinta. Linus Torvalds ya fara rubuta ƙwayar Linux, wato zuciyarta da ke sarrafa sassan na'ura, a shekarar 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Daga wannan tushe ne ƙungiyoyi da kamfanoni daban-daban suke harhaɗa cikakkiyar babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar Windows, kowa da irin nasa salon. Uku daga cikinsu za mu duba, kuma dangin juna ne: Ubuntu daga Debian aka gina ta, Linux Mint kuma daga Ubuntu.

Ma'aunan da za a yi amfani da su

Na farko shi ne kuɗi, kuma ba kuɗin lasisi kaɗai ba, har da kuɗin sabuwar na'ura idan zaɓin ya tilasta sayenta. Na biyu shi ne ƙarko, wato shekara nawa za a ci gaba da samun facin tsaro kafin a sake tayar da maganar. Na uku sauƙin amfani ga wanda hannunsa ya saba da Windows. Na huɗu haɗari, na masu kutse da na asarar fayiloli. Akwai kuma na biyar, wanda a ganina ya fi sauran nauyi duk da cewa masu muhawara sun fi yawan tsallake shi: shin manhajar da kake cin abinci da ita tana aiki a kan abin da za ka zaɓa? Mutane ba sa kunna kwamfuta don su kalli babbar manhaja. Suna kunna ta ne don su yi lissafi, su zana gida, su tace bidiyo ko su rubuta takarda, kuma idan wannan aikin ya tsaya, duk sauran fa'idodin ba za su amfane su ba.

Windows 11

Ta fito a watan Oktoban 2021. Ga mai Windows 10 da halastaccen lasisi, hawa kanta kyauta ne. Wanda zai sayi lasisi sabo daga kamfanin, nau'in Home dala 139 ne, nau'in Pro kuma kusan dala 200. Ainihin tsadarta a cikin sharuɗɗanta take: tana buƙatar RAM mai gigabait 4, wurin ajiya gigabait 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan furosesa daga ƙarni na takwas na Intel ko jerin Ryzen 2000 na AMD zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan da aka keɓe. Ma'anar wannan ita ce galibin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 sun faɗi jarrabawa, ko da kuwa saurinsu ya ishi masu su.

Akwai dabarun da ake bi a tsallake binciken, a girka ta a kan na'urar da ba ta cancanta ba, kuma mutane da yawa sun yi hakan ya yi musu aiki. Amma kamfanin ya faɗi a fili cewa irin wannan na'ura ba ta da tabbacin samun sabuntawa. Ba zan ba mutumin da ke ajiye bayanan kasuwancinsa a kwamfuta shawarar ya dogara da abin da za a iya yanke masa kowace rana ba.

Ta fuskar sauƙi da dacewa da manhajoji, babu mai ja da ita. Photoshop, AutoCAD, cikakken Microsoft Office, manhajojin akanta na kamfanoni, da kusan kowace firinta ko sikana da ke kasuwa, duk da ita aka yi su a zuciya. Abin da mutum ke bayarwa a madadin haka shi ne wani ɓangare na ikonsa a kan na'urarsa: ana matsa masa ya haɗa da intanet ya buɗe asusun Microsoft tun wajen girkawa, ana aika wasu bayanan yadda na'urar ke aiki zuwa kamfanin, kuma kamfanin ne ke yanke ranar da na'urar za ta tsufa, kamar yadda ya yanke yanzu.

Ci gaba da zama a kan Windows 10

Wannan jinkiri ne, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Lokacin da aka sanar da shirin ƙarin wa'adi na ESU, an tsara shi ga talakawan masu amfani ya kai ranar 13 ga Oktoba, 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya ajiye saitunansa a asusun Microsoft. Kamfanoni suna iya saye har shekara uku, daga dala 61 kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa duk shekara. Yana da amfani ga wanda ke buƙatar lokacin shiri. Zama ba tare da shi ba kuwa shi ne zaɓi mafi haɗari a cikin duk waɗanda ke nan. Harin WannaCry na watan Mayun 2017, wanda ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama har da na asibitocin Birtaniya, ta wata ɓaraka ya shiga wadda aka fitar da facinta tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda facin bai kai gare su ba, kuma mai tsohuwar Windows 10 marar ƙarin wa'adi yana cikin wannan hali ne na dindindin.

Linux Mint

Clément Lefèbvre ne ya fara ta a 2006, kuma da gudummawar masu amfani ake gudanar da ita. Kyauta ce, babu lasisi babu rajista. Jerin fitowa ta 22, wadda ta fara a watan Yulin 2024, tana da alkawarin facin tsaro har zuwa 2029. Masu ita sun ce RAM mai gigabait 2 da wurin ajiya gigabait 20 za su ɗauke ta, amma sun fi son a samu gigabait 4, kuma gaskiyarsu ce, domin burauza ta zamani ita kaɗai tana cin RAM ba kaɗan ba, ko a kan wace manhaja take.

Inda ta yi fice shi ne sauƙi. Fuskarta da ake kira Cinnamon tana da maɓallin farawa a ƙasa ta hagu, da agogo ta dama, da tagogi masu halin da mai Windows 7 ko 10 ya sani. Na girka ta a kan wata kwamfutar tafi-da-gidanka ƙirar 2015 mai RAM gigabait 4, wadda a baya sai an kunna ta an je an yi wani aikin kafin ta gama tashi. Na cire tsohon faifanta mai juyawa na sa mata SSD, faifan ajiya marar juyawa wanda ya fi sauri, sannan na ɗora Mint daga filashi. Da ta tashi, allo da sauti da kyamara duk sun yi aiki, amma babu alamar Wi-Fi, saboda kamfanin da ya ƙera katin bai saki direbarsa, wato manhajar da ke sa katin aiki, a buɗe ba. Na jona wayata da igiyar caji na ba ta intanet ta nan, na buɗe manhajar da ke kula da direbobi, ta nuna sunan katin da akwati ɗaya da za a danna. Bayan sake kunnawa, jerin hanyoyin Wi-Fi ya bayyana. Mai kwamfutar, wadda aikinta bai wuce rubutu, wasiƙu da kallon darussa ba, tambaya ɗaya ta yi mini a makon farko, ita ce inda za ta samu fayilolin da ta sauko da su. Ya kamata in faɗi cewa rabin saurin da ta samu daga SSD ɗin ya zo, don kada a jingina wa Linux yabon da ba nata ba ne gaba ɗaya.

Mint tana zuwa da Timeshift, wadda ke ɗaukar hoton tsarin lokaci-lokaci, ta yadda idan wata sabuntawa ta ɓata abu, a cikin mintuna kaɗan za a mayar da kwamfutar yadda take jiya. Ga wanda ba shi da gwanin gyara a kusa, wannan babbar garkuwa ce. Rauninta shi ne ƙaramar tawaga ce ke riƙe da ita, babu kamfanin da za ka kira ya ɗauki alhaki. A watan Fabrairun 2016 masu kutse sun shiga shafinta suka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen kwafi na ɗan lokaci. An gyara, an ƙara tsaro, amma darasin ya shafi kowace Linux: a sauko daga shafin asali kaɗai, a kuma tantance lambar shaidar fayil ɗin kafin a girka.

Ubuntu

Kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ne ke fitar da ita tun watan Oktoban 2004. Duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ana sakin fitowa mai dogon wa'adi da ake yi wa laƙabi da LTS, mai facin tsaro na shekara biyar. Ta 24.04 za ta kai 2029, kuma da rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga mutum a kan na'urori har biyar, wa'adin yana kaiwa shekara goma. Ta fuskar ƙarko ke nan ta sha gaban sauran. Ofis ko makaranta kuma suna iya sayen tallafi a hukumance, su samu wanda za su riƙe idan abu ya lalace.

Fuskarta ta GNOME ta fi ta Mint nauyi, kuma tsarinta ya bambanta da na Windows, sai mutum ya ɗan kwana biyu kafin hannunsa ya faɗa. Akwai kuma batun Snap, hanyar da Canonical ke raba wasu manhajoji har da Firefox. Masu goyon baya suna cewa tana killace kowace manhaja a ɗakinta, wanda ƙarin tsaro ne. Masu suka suna cewa rumbun da ake sauko da su a hannun kamfani ɗaya yake kuma manhajar sabarsa, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun, ba a buɗe take ba, dalilin da ya sa Mint ta toshe Snap tun 2020. Ina ganin masu sukar suna da hujja, amma mai amfani na yau da kullum da wuya ya ji bambancin a jikinsa.

Ga mai koyon rubuta manhaja kuwa, Ubuntu tana da wata fa'ida da ba ta cikin takarda: yawancin umarnin girke-girke da zai ci karo da su a darussa, na Python, Docker, PostgreSQL da makamantansu, da ita aka rubuta su, kuma akwai yiwuwar sabar da zai ɗora aikinsa a kai ita ma Ubuntu ce ko Debian. Mint tana cin moriyar yawancin wannan tunda tushensu ɗaya.

Debian

Ita ce uwar gidan. Ian Murdock ya kafa ta a watan Agustan 1993, kuma har yau 'yan sa-kai ne ke tafiyar da ita, suna zaɓen shugabansu da ƙuri'a, babu kamfanin da ya mallake ta. Fitowa ta 13 ta zo a watan Agustan 2025, kuma kowace fitowa tana samun kulawar kusan shekara biyar idan aka haɗa da ƙarin wa'adi. Halinta shi ne ba ta canzawa: manhajojin da ta zo da su za su zauna a kan sigarsu, facin tsaro kawai ake ƙara musu. Wannan alheri ne ga saba ko kwamfutar da ake so ta yi aiki ɗaya shekara da shekaru, takura ce kuma ga mai son sabon abu. Tun fitowa ta 12 a 2023 aka fara haɗa ƙananan manhajojin katunan Wi-Fi da na hoto a cikin faifan girkawa, abin da ya rage wahalar da aka san ta da ita. Duk da haka tana yi wa mai girkawa tambayoyin da sabon shiga ba zai san amsarsu ba, kuma tana ɗauka cewa ba ka tsoron rubuta umarni.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi ga mai Windows | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Windows 11 | Kyauta ga na'urar da ta cancanta. Lasisi daga dala 139 | Muddin ana hawa sabuwar siga | Mai sauƙi ƙwarai | Tilasta sayen sabuwar na'ura |
| Windows 10 da ESU | Dala 30 ko asusun Microsoft | Gajere | Babu sabon koyo | Ƙarewar faci |
| Linux Mint 22 | Kyauta | Zuwa 2029 | Mai sauƙi | Rashin wasu manhajojin sana'a |
| Ubuntu 24.04 | Kyauta. Tallafi na kuɗi ga mai so | Zuwa 2029, shekara goma da Pro | Matsakaici | Nauyi a kan tsohuwar na'ura |
| Debian 13 | Kyauta | Kusan shekara biyar | Yana buƙatar koyo | Tsofaffin sigogin manhajoji |

Maganar manhajojin aiki

Nan ne ake yin nadama ko a ji daɗi. Mint, Ubuntu da Debian duk suna ba da LibreOffice, madadin Microsoft Office, wadda ta ɓalle daga OpenOffice a 2010, tana kuma buɗe fayilolin Word da Excel tana ajiye su. Ga wasiƙa, rahoto da lissafin yau da kullum ta wadatar, har gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutocinta kusan 30,000 kanta. Matsala tana tasowa a wuri biyu. Takarda mai tebura da hotuna da yawa takan goce, shafi goma ya koma sha ɗaya, sau da yawa saboda salon harafin da aka rubuta ta da shi babu shi a kwamfutar. Girka Carlito, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Calibri, yakan magance yawancin wannan. Wuri na biyu shi ne jadawalin Excel mai ɗauke da umarnin VBA, wato ƙananan shirye-shiryen da ake rubutawa a cikinsa don su yi aiki da kansu, wanda wani yana aiki, wani kuma ba ya yi. Akantan da aikinsa ya rataya a kan irin waɗannan fayiloli kada ya ɗauki alkawarin kowa, ya gwada nasa da hannunsa.

Photoshop da AutoCAD ba su da sigar Linux. GIMP, Krita da Inkscape, manhajojin gyaran hoto da zane, kayan aiki ne na gaske, Blender ta zanen 3D kuma ƙwararru na amfani da ita a duniya, amma wanda abokan aikinsa ke turo masa fayilolin Adobe kullum zai sha wahalar da ba ta da dalili. Wasannin kwamfuta sun samu ci gaba sosai tun da kamfanin Valve ya fito da Proton, mai gudanar da wasannin Windows a kan Linux, a 2018, sai dai wasu masu tsauraran matakan hana maguɗi, irin su Valorant da Fortnite, ba sa aiki.

Shin buɗaɗɗen tushe ya fi tsaro?

Ana yawan cewa Linux ba ta kamuwa da cuta, kuma wannan magana tana cutar da masu yarda da ita. Gaskiya ne yawancin miyagun manhajojin kwamfutar tebur Windows suke hari saboda a nan jama'a suke, kuma girka abubuwa daga rumbun da aka tantance ya fi sauko da su daga ko'ina aminci. Amma a watan Maris na 2024 aka gano wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita. Wani ne ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka wa aikin har aka amince da shi, sannan ya dasa ta. Injiniya Andres Freund ne ya gano, bayan ya lura shiga wata na'ura ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, yana jinkiri da kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi. Ƙofar ta shiga sigogin gwaji na wasu ire-iren Linux, amma ba ta kai tabbatacciyar Debian ko Ubuntu LTS ba. Abin da na ɗauka a nan shi ne buɗewar tushe ce ta ba shi damar bincike, jinkirin da tabbatattun sigogi ke yi kafin karɓar sabon abu kuma shi ya kare talakawan masu amfani. Saboda haka ne ban sa Fedora, wata Linux ɗin daban, a jerin ba, duk da kyawunta: tana fita duk wata shida, kulawarta kusan wata 13 ce, kuma wanda ke neman natsuwa ba wannan yake buƙata ba.

Haɗarin da ya fi kusa da sabon shiga ma ba na masu kutse ba ne. Shi ne ya danna zaɓin goge faifai gaba ɗaya wajen girkawa alhali hotunansa da takardunsa suna ciki. A kwafe komai zuwa wani faifai na waje tukuna, a buɗe kwafin a tabbatar yana nan.

Wa ya dace da wanne

Wanda kwamfutarsa ta cika sharuɗɗa kuma sana'arsa ta dogara da Adobe, AutoCAD ko jadawalin Excel mai sarƙaƙiya, ya hau Windows 11 hankali kwance. Idan yana sha'awar koyon Linux, WSL tana ba shi damar gudanar da Ubuntu a cikin Windows ɗin. Idan na'urarsa ba ta cancanta ba kuma irin wannan ne aikinsa, ƙarin wa'adin Windows 10 zai ba shi lokacin tara kuɗin sabuwa muddin bai ƙare ba, tsohuwar kuma a ɗora mata Mint a ba wani ya amfana.

Mai koyon rubuta manhaja, ko ƙaramin ofis da ke son dogon wa'adi da wanda zai kira, Ubuntu LTS ce tasu. Mai ƙwarewa da ke son na'ura ta riƙe fayiloli ko shafi shekaru ba tare da an taɓa ta ba, ko wanda ba ya son hannun kowane kamfani a kan kwamfutarsa, Debian ta dace da shi.

Ga mafi yawan mutanen da na fara maganarsu, masu tsohuwar na'ura mai lafiya waɗanda aikinsu burauza ne, rubutu, lissafi da kallo, Linux Mint nake zaɓar musu, nau'in Cinnamon idan RAM ta kai gigabait 4, nau'in Xfce mai fuska marar nauyi idan ba ta kai ba. Ba sai an goge komai kafin a gwada ba. A ɗora ta a kan filashi mai gigabait 8, a tayar da kwamfutar daga gare shi, a duba Wi-Fi, sauti, kyamara da firinta, sannan a buɗe fayiloli ukun da suka fi muhimmanci a aikin mutum a ga yadda suka fito. Idan ɗaya daga cikinsu ya ƙi, a zare filashin a sake kunnawa, Windows za ta dawo yadda aka bar ta.